Fitila Marar Makunni

Aikina a Dubai shi ne in tabbatar ƙwan fitila bai mutu ba. Kamfanin da nake wa aiki yana kula da wutar wasu dogayen benaye, kuma shekarata shida ke nan ina hawa tsani ina sauka, in cire ƙwai in saka ƙwai, a wuraren da ko an kashe rabin fitilun ba wanda zai lura. Ina kan wannan aikin ne ƙanwata Wasila ta kira ta ce mahaifiyarmu ta faɗi a Ringim.

Inna ta tashi alwalar asuba, ba wuta kamar kullum, ta fito da buta a hannu, ƙafarta ta kuskure dakalin ƙofar ɗakinta. Ba ta karye ba, amma ƙugu ya bugu, sai da ta yi mako uku tana salla a zaune. Dakalin nan tsayinsa bai fi taƙi guda ba. Ita kaɗai ce a sashenta tun rasuwar Baba, masu haya ne a ɗaya ɓangaren, kuma sai da gari ya waye suka ji nishinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba rashin fitila ba ne. Uku na aika mata. Ta farko mai caji ce, har da rediyo a jiki. Inna ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan akwati, wai kayan Dubai ne, kada ƙura ta ɓata ta. Ta biyu mai cin hasken rana ce, kwananta tara a gidan aka yi haihuwa a maƙwabta, ta ba mai jego. Ta uku tana masallacin unguwa, an ce liman yana sa mini albarka. Na gode masa, amma ni dakali nake so a haska. Tana da tsohuwar tocila, sai dai ba ta kunna ta sai da dalili, kuma a wurin Inna zuwa alwala bai kai dalilin ƙona batir ba.

Na yi kwanaki ina juya abin a cikin bas ɗin kamfani, tsakanin unguwarmu Al Nahda da wurin aiki, inda cunkoso ke ba mutum lokacin tunani ko ba ya so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da ya yi kyau, Inna za ta ɓoye shi ko ta bayar. Duk abin da ke da makunni, za ta kashe shi. Don haka na yanke shawarar in haɗa mata fitila da hannuna, mummuna wadda ba wanda zai yi kwaɗayinta, kuma ba makunni ko ɗaya. Ta kama ci dare da rana har batir ya ƙare, a sa wani.

Hajiya Maimunat, wata 'yar kasuwar Kano da ke zuwa sarin abaya da takalma, ita ke kai mini saƙo gida. Ranar Litinin za ta tashi, ni kuma Lahadi kaɗai nake hutu. Ranar da ya kamata in yi wanki in miƙe bayana, ita na kashe a kasuwar Deira ina bin shagunan kayan lantarki cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa. Na sayo fararen ƙwayayen LED, da mazaunin manyan batura uku irin na rediyo, waɗanda ko mai tebur a Ringim yana sayarwa, da ƙullin rezistoci kala-kala. Gidan fitilar kuwa gwangwanin madarar gari ne da na tsinto a kicin ɗinmu.

Ga wanda bai sani ba, rezista ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, da waya ta kowane gefe da zobba masu launi a jikinsa. Aikinsa ya rage wa wuta gudu. Ƙwan LED ba ya ƙoshi, duk abin da ka ba shi zai sha har ya ƙone kansa, don haka dole a sa masa mai tsawatarwa. In ka sa ƙaramin rezista, haske ya yi yawa, batir ya mutu da wuri. In ka sa babba, batir ya daɗe, haske ya zama na jeka-na-yi-ka. A wurin aiki ba na wannan tunanin, akwai takarda, abin da ta ce shi za ka sa. A nan ba takarda, sai idon tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya da nisan da ke tsakanin dakali da ƙusar saman ƙofarta, inda za a rataye fitilar.

Mu shida ne a ɗakinmu, gadaje masu hawa biyu. Na baje kayana a kan gadona na ƙasa, na jona ƙarfen dalma. Abdulganiyyu, wanda ke kwana a samana, yana aiki a kantin magani, ya leƙo da kai kamar ƙadangare.

"Habibi, me kake haɗawa? In abin fashewa ne ka bari in sauka tukuna."

"Fitila ce. Ta Inna."

"A gwangwanin madara?"

"A gwangwanin madara."

Ya ci gaba da kallo, alamar yana tara abin da zai faɗa ne. Na rabu da shi na kama lissafi a bayan wata tsohuwar ambulan. Batura uku, bolt huɗu da rabi. Ƙwan yana cin kusan uku, saura ɗaya da rabi da 'yan kai, shi ne kayan da rezista zai ɗauka. Ƙwai biyu zan sa, kowanne da nasa rezistan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Da om ake auna girman rezista: da mai om ɗari, batir zai yi kamar kwana takwas. Da mai ɗari huɗu da saba'in, wata guda. Da mai dubu ɗaya, kusan wata uku. Da mai dubu biyu da ɗari biyu, zai haura wata biyar. Lissafin bai ɗauke ni minti goma ba. Abin da takarda ba za ta gaya mini ba shi ne wanne Inna za ta ga dakali da shi.

Banɗakin fulat ɗinmu ba shi da taga, shi ne kaɗai wurin da ake samun duhu da rana tsaka. Na shiga da kayana, na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na ajiye takalmin aikina a ƙasa a matsayin dakali, na ɗaga fitilar sama da kaina daidai inda ƙusar take a ƙofar Inna. Na tuna idona ba nata ba ne, sai na yago farar leda na rufe fuskata da ita, ina kallon takalmin ta cikin hazo. Ga ƙato mai shekara talatin da shida tsaye a banɗaki da leda a fuska, zufa na bin bayansa. Ban yi dariya ba, don ban da ƙarfinta.

Mai ɗari ya haska har silin. Mai ɗari huɗu da saba'in ya yi daidai yadda raina yake so, takalmin ya fito sarai har da igiyarsa. Mai dubu biyu da ɗari biyu kuwa, da na sa ledar sai takalmin ya narke cikin tayil. Mai dubu ɗaya yana tsakiya: ba ka ganin igiya, amma kana ganin inda takalmin ya fara da inda ya ƙare. Sau huɗu ina fita ina canzawa ina dawowa, kowane zuwa sai na jira idona ya saba da duhu. Zuwa can ja da ruwan ƙasa suka fara zame mini abu ɗaya a jikin rezistocin, dole na koma auna kowanne da mita. Wani ɗan Sudan da ke ɗakin gaba ya buga ƙofa ya ce yalla, in yi sauri, ba ni kaɗai ke biyan haya ba.

Da na dawo, Abdulganiyyu ya gama tara maganarsa.

"Rilwanu, tsakani da Allah. Shekara shida a Dubai, ka aika wa uwarka gwangwani mai idon mage? Mutanen unguwa za su ce me? Ko ba komai ka sa mai hasken nan, a san daga waje ta zo."

Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Na san yadda ake taruwa in an ce saƙon Dubai ya iso, na san yadda za a kalli gwangwanin a kalli juna. Har na ɗauki mai ɗari huɗu da saba'in na lanƙwasa ƙafafunsa. Sai na tuna wanda zai canza batir. Wasila tana aure a Dutse, tana koyarwa, ba ta samun zuwa sai bayan wata biyu, wani lokaci ya ɗan haura. Yayanmu Halliru yana Legas da harkar tayil, sai ya ga dama. In batir ya mutu a wata guda, Inna ba za ta faɗa wa kowa ba, za ta zauna da mataccen gwangwani har Wasila ta zo. Ashe ba ni zan zaɓi rezistan ba, zuwan Wasila ne zai zaɓa. Na ajiye wancan na ɗauki masu dubu ɗaya guda biyu, ruwan ƙasa da baƙi da ja, na liƙe su da dalma.

"Halas, shi ke nan, uwarka ce," in ji Abdulganiyyu, ya ja labulen gadonsa.

Na huda murfin gwangwanin na leƙo da ƙwayayen, na ɗaure murfin da sukurori biyu don kada Inna ta buɗe ta zare batir. Fentin jikinsa ma na kankare shi da gangan, ya ƙara muni.

Bayan la'asar na samu Hajiya Maimunat a ofishin kago da ke unguwar Port Saeed a nan Dubai, tana zaune a kan wani ƙullin kaya tana faɗa da masu awo. Na gaishe ta, na miƙa mata ledar. Ta buɗe, ta juya gwangwanin, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan nan, gwangwani da wayoyi za ka sa in bi ta na'urar filin jirgi da shi? Da girmana?"

Na kwance sukurorin na nuna mata ba batir a ciki, ba komai sai ƙwai biyu da 'yan rezistoci. Na yi mata bayanin faɗuwar Inna.

"Allah sarki. To ai ina da tocila katan-katan a kwantena, masu kyau. In ba ta ɗaya mana, ka rufa wa kanka asiri."

"Hajiya, masu kyan ne ba sa zama a hannunta."

Ta ce ita ma tata uwar haka take, atamfar da ta kai mata shekara huɗu da suka wuce har yau ba a ɗinka ba. Ta cusa gwangwanin cikin wani takalmi a akwatinta. Daga nan na yi wa Wasila dogon saƙon murya: batura uku, a ɗaure murfi, a rataye a ƙusar da ke saman ƙofa, ƙwayayen su kalli ƙasa, kada a taɓa komai, ƙarancin hasken da gangan ne. Yaya Halliru ban kira shi ba. Na san in na kira sai mun yi awa guda yana gaya mini abin da babba ya hango, ni kuma ƙafafuna ciwo suke, gobe aiki.

Bayan kwana biyar Wasila ta turo hoto. Baƙi ƙirin, sai ɗigo biyu a sama, a ƙasa kuma ga bakin dakalin nan ya fito kamar an ja layi da alli. Na daɗe ina kallon hoton. Ta ce Inna ta juya gwangwanin ta kowane gefe tana neman wurin kashewa, da ta rasa sai ta ce wannan almubazzaranci ne, wa ya taɓa ganin fitila tana ci da rana. Daga baya ta samo mafita, in gari ya waye sai ta rataya ƙaramar ƙwarya a kanta, wai ta huta. Ban gyara mata ba. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yaba, kuma ba ta shiga akwati ba. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa aiki da sauƙin zuciya, abin da na manta yadda yake.

A rana ta sha biyu, ina cin abincin rana a ƙasan wani bene inda ake ajiye motoci, saƙon murya ya shigo daga Yaya Halliru. Ashe ya zo gida. Muryarsa cike da fara'a.

"Rilwanu, ka ganni a Ringim. Na ga fitilar da ka aiko, ashe ta samu matsala a hanya, ba ta kawo wuta sosai. Wasila tana ta wani bayani a waya, na ce ta bari kawai. Na kai wa abokina mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Yana buɗewa ya ce wasu 'yan abubuwa biyu ne suka toshe wutar, ya cire su ya haɗa kai tsaye. Ka ga haske kuwa? Har zaure. Kuma ka manta ba ka sa makunni ba, ya sa mata. Ba sai ka biya ba, na gama da shi."

Ya haɗo da bidiyo. Gwangwanina ne a hannunsa, yana walƙiya kamar fitilar babur, maƙwabta biyu na cewa ma sha Allah. Na lura hasken ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Na san wannan launin, launin ƙwan da ke dahuwa ne. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi, abin da ya sa ba ka da bakin magana.

Na rubuta amsa mai tsawo na goge. Na sake rubutawa na goge. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma rabin fushin a kaina yake. Na tsallake babba na yi magana da ƙarama, a gidan da maganar ƙarama ba ta wuce ƙofar ɗaki in yaya yana tsaye. Awa ɗayan da na ƙi bayarwa ita ce ta dawo ta same ni. A ƙarshe na ce, "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci. Don Allah a kashe ta tukuna, zan yi bayani." Bai buɗe saƙon ba sai washegari, yana hanyar Legas.

Na bari kwana biyu suka wuce, sannan na kira Inna a ƙaramar wayarta, lokacin hutun rana a nan, hantsi a can. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi abokan zamana ɗaya bayan ɗaya duk da ba ta taɓa ganinsu ba.

"Inna, ya fitila?"

"Ai fitila ta yi haske. Har su Mariya maƙwabta suka shigo kallo. Kowa yana sa maka albarka."

"Yanzu tana ci?"

Ina jin kaji a bayanta, da wani yana daka a maƙwabta.

"Ta ɗauke tun daren da aka gyara ta," ta ce. "Ɗaya ya fara mutuwa, ɗayan ya bi shi. Na kashe na kunna, shiru."

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

"Ni da ma yadda take ta ishe ni. Ina buɗe ƙofa in ga inda zan taka. Amma yayanku ya ɗauko ta da murnarsa, zai yi wa uwarsa gyara. In ce masa me?"

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Na ce ba komai, Inna.

"'Yan abubuwan nan da aka cire, ya zo da su a aljihu ya nuna mini, ya watsar a tsakar gida. Da na zo shara na tsince su. Suna nan a haɓar zanena. Masu ɗamara, ɗaya kamar ƙasa, ɗaya baƙa, ɗaya ja. Ana iya mayar da su?"

"Su lafiyarsu ƙalau, Inna. Ƙwayayen ne suka ƙone."

"To ka gani. Gara da ban bari an share su ba."

Na ce abu ne mai sauƙi, a mayar wa mai rediyon, ya sa sababbin ƙwai ya mayar da rezistocin, ni zan yi masa bayani ta waya. Ta ce a'a, tun kafin in rufe baki. Mai rediyo abokin yayanku ne, kafin la'asar labari ya kai Legas cewa gyaransa ne ya kashe fitila, kuma ƙaninsa ya aiko a warware. Na ce to Wasila ta kai Dutse. Ta ce Wasila ba ta iya riƙe magana, kuma ita ba za ta zama sanadin da 'ya'yanta za su riƙa kallon juna a kaikaice saboda gwangwani ba.

"In ya tambaye ka, ka ce tana ci. Kai ka haɗa wata in ka samu hali, ka aiko, sai in ce biyu ka yi."

Hajiya Maimunat ba za ta dawo ba sai bayan Babbar Salla, mako bakwai nan gaba, kuma ban san wani mai tafiya ba kafin nan. Na lissafa asubahin da ke cikin mako bakwai, na ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa.

"To kafin nan fa, Inna? Dakalin?"

"Kada wannan ya dame ka, na samo dabara. In na zo bakin ƙofa sai in ajiye buta in zauna a ƙasa, in sauke ƙafa ɗaya, in sauke ɗayar, sannan in dafa bango in miƙe." Ta ɗan yi dariya. "Ba mai ganina ai. Duhu ne."